Labari Ma Gini Ne: Jan Hankali Ga Matasan Zango Masu Sha'awar Rubutu

Duk wanda ya san Kumasi ya san mutanen zango ba su da talaucin labari. Daga kantunan Adum zuwa rumfunan Kejetia, daga teburin mai shayi a Aboabo zuwa dandalin hira bayan sallar isha'i a Sabon Zango, ba a rasa gwanin da zai riƙe mutum goma da baki kawai har shayinsu ya huce. Amma fa idan mutum ya shiga kantunan littattafai na Adum yana neman ƙagaggen labarin da ɗan zango ya rubuta da Hausa, da wuya ya fito da wani abu a hannu. Matasa masu sha'awa akwai su, maza da mata. Sai dai da yawa sukan fara da zafi, su cika shafi goma ko ashirin, daga nan labarin ya warwatse musu, su jefa littafin cikin akwati. Galibi basira ba ta yi musu ƙaranci ba. Abin da ya rage musu shi ne sanin yadda ake ɗora labari bisa harsashi, kamar yadda magini ke ɗora gida.

Abin da masana suka gano

Tun fiye da shekara 2,300 da suka wuce, Aristotal na ƙasar Girka, wanda malaman zaure suka sani da Arisɗo, ya bayyana cewa cikakken labari yana da farko da tsakiya da ƙarshe, kuma kowane abu da ya faru a ciki ya kamata ya zama abin da ya gabace shi ne ya haife shi. A shekarar 1863 wani Bajamushe, Gustav Freytag, ya kasa wasan kwaikwayo kashi 5: gabatarwa, da hauhawar rikici, da ƙololuwa, da gangarowa, da warwarewa. Sannan a shekarar 1928 wani masani ɗan Rasha, Vladimir Propp, ya ɗauki tatsuniyoyin ƙasarsu guda 100 ya feɗe su. Ya tarar sunaye da garuruwa suna canzawa, amma ayyukan da taurari ke yi ba su wuce iri 31 ba, kuma suna zuwa ne bi da bi: a rasa wani abu a gida, tauraro ya fita nema, a jarraba shi a hanya, ya sami mataimaki, ya gamu da abokin gaba, ya komo da nasara. Su ma malaman Hausa na jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato suna da nasu ma'auni na nazarin littafi, wato jigo da zubi da tsari da salo da taurari.

Kakanninmu sun riga su

Kada sunayen nan su tsorata mai karatu. Duk wanda ya taɓa zama gaban kakarsa da dare ta ce "ga ta nan ga ta nanku", to ya riga ya shiga ajin farko na wannan ilmi. Mu ɗauki tatsuniyar nan ta 'yar bora da 'yar mowa. An ɗora wa 'yar bora laifi, an kore ta ta je ta wanko kirgi a ruwan Bagaja: ga rashi, ga fita. A hanya ta gamu da abubuwan ban al'ajabi, ta nuna ladabi: ga jarrabawa. Aka ba ta kyauta, ta komo da dukiya: ga sakamako. 'Yar mowa ta bi hanyar da rashin kunya, ta kwaso abin kunya. Babu taki ɗaya da za a cire a cikin tatsuniyar nan ba ta gurgunce ba. Propp suna kawai ya raɗa wa abin da tsofaffinmu ke yi tun kaka da kakanni.

Kuma ƙasar nan tamu tana da rabo babba a tarihin rubuta irin waɗannan labarai. A zamanin da ake kiran ta Gwalkwas, wani ma'aikacin gwamnatin Ingila, R. S. Rattray, ya sa wani Bahaushe, Malam Shaihu, ya rubuta masa tatsuniyoyi da al'adu da karin magana da ajami. An buga aikin a Ingila a shekarar 1913 cikin littafi 2, da rubutun hannun malamin a ciki. Rattray ɗin nan ne kuma ya tattara labaran Ananse na maƙwabtanmu Asante, aka buga su a shekarar 1930. Yaron zango da ya tashi yana jin Gizo a gida, yana jin Ananse a makaranta, ya sha daga rijiya biyu.

Daga Kwantagora zuwa Titin Zango

A shekarar 1933 Rupert East ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai a Zariya, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ganɗoki na Bello Kagara. Ruwan Bagaja cike yake da barkwanci da yawon garuruwa, har mutum ya zaci tarin raha ne kawai. To amma duk akwai igiya ɗaya da ta ɗaure su. An kunyata Liman a fada don ya ce ruwan Bagaja zai warkar da ɗan sarki, shi kuwa Alhaji Imam ya ƙudura sai ya samo ruwan ya wanke wanda ya riƙe shi. Duk artabun da ya yi da Malam Zurƙe, mai karatu bai manta da tambayar da ke ransa ba: shin zai samo ruwan kuwa? Wannan tambaya ita ke sa a juya shafi.

Misali na kusa kuwa shi ne ɗan garin nan, Mohammed Naseehu Ali, wanda aka haifa a Kumasi a shekarar 1971, ya yi karatu a Amurka. A shekarar 2005 ya fitar da littafin gajerun labarai da Turanci mai suna The Prophet of Zongo Street, inda ya ƙagi wani titi a zangon Kumasi ya zuba mutane irin waɗanda muke gani kullum. Ɗaya daga ciki, labarin Malam Sile, ya fito a mujallar The New Yorker a shekarar. Malam Sile mai shayi ne mai haƙuri wanda 'yan unguwa suka raina, suna cin bashi ba sa biya. Ya auro Abiba. Ita kuwa ba ta ɗaukar raini, har ta kai ta tunkari Samadu, ƙaƙƙarfan unguwa, a kan bashin mijinta. Dubi yadda aka jera shi: an nuna rainin tukuna har ya yi wa mai karatu ciwo, sannan aka kawo wadda za ta canza lissafi, sannan karo. Da marubucin ya fara da damben, da ba wanda zai damu da wanda ya yi nasara.

Yadda za ka gwada

Kafin ka ɗora alƙalami, amsa tambaya 5 a takarda ɗaya. Labarin wane ne? Me yake so ƙwarai? Me ya tare masa hanya? Me zai rasa in ya kasa? Yaya ya canza a ƙarshe? In ka kasa amsa ɗaya, to da sauran aiki.

Alal misali, babu gidan zango da ba a ba da labarin korar baƙi ta watan Nuwamba 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba waɗanda ba su da takardun zama kwana 14 su bar ƙasa. Sabon marubuci yakan rubuta shi haka: an yi sanarwa, mutane suka sayar da kaya, aka hau motoci, aka sha wuya a kan iyaka, aka isa. Duk gaskiya ne, amma rahoto ne. Yanzu mu ɗora shi bisa tsari. A ce wani mai fataucin goro ne da aka haifa a Kumasi, bai taɓa taka Kano ba, ba shi kuma da takarda. Matarsa 'yar ƙasa ce, mahaifiyarsa tsohuwa ce da ta ce ba inda za ta bar kabarin mijinta. Shimfiɗa ke nan: a nuna shi a rumfarsa, da iyalinsa, da amininsa na ƙuruciya. Sanarwa ita ce ƙullin labari. Daga nan kowace rana cikin 14 ɗin nan ta fi ta jiya tsanani: masu bashi sun ɓuya, masu sayen gida suna tayi na wulaƙanci, aminin ya ce a mayar da gidan da sunansa don a tsare. Ƙololuwa ita ce daren ƙarshe, lokacin da dole ya zaɓa tsakanin uwa da tsira, ya kuma yanke ko zai amince da aminin. Warwarewa kuwa ta nuna abin da zaɓin ya jawo. Kayan aikin duk ɗaya ne, jeri ne ya bambanta.

Bayan ka gama rubutu, bi kowane babi ka tambayi kanka: me ya canza a nan? In tauraro ya shiga babi ya fita yadda yake, ba ci gaba ba koma baya, to soke babin, ko da kuwa a nan ne ka fi zuba azanci. Haka kuma duk abin da zai yi aiki a ƙarshe, dasa shi tun da wuri. Kada wani kawu mai kuɗi da ba a taɓa ambata ba ya faɗo daga sama a shafi na ƙarshe ya biya bashi. Kuma karanta wa 'yan gida da baki. Inda ka ga sun fara duban ƙofa, nan ginin ya tsage.

Hattara dai

Tsari bawa ne, ba ubangida ba. Wanda ya bi matakan Propp ido rufe zai fitar da labari mai ƙashi ba tsoka. Shi kansa Abubakar Imam da ya zo rubuta Magana Jari Ce, wani zubi daban ya ɗauka, inda aku ke jero labarai cikin labari don ya hana ɗan sarki fita. Abin da zai hura wa ginin rai shi ne abin da kai kaɗai ka sani: ƙamshin waakye da safe, hayaniyar tashar tirotiro, yadda 'yan zango ke cuɗa Hausa da Tuwi a ciniki. Bar taurarinka su yi magana da Hausar zango yadda ake yin ta, kada ka ara musu bakin Kano.

Dattawan da suka ji labarin fataken goro na Salaga daga bakin iyayensu suna ƙarewa. Waɗanda suka ga 1969 da idonsu sun tsufa, haka ma waɗanda aka koro daga Nijeriya a 1983 sun fara furfura. Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda ya rasu a 1934, ya rubuta abin da ya gani a zamaninsa, shi ya sa har yau ake ambatonsa. Saura mu. Malaman makarantun Islamiyya da na boko da ƙungiyoyin matasa za su iya ware yamma ɗaya a wata, a zauna a feɗe tatsuniya ɗaya, kowa ya kawo shafi biyu nasa a duba. Ba ya cin kuɗi, takarda ce da biro da haƙuri. Allah ya ba matasanmu basira da juriya, ya sa wata rana mu ga sunayensu a kantunan Adum, amin.