Kalmar Zuciya a Harsunan Arewacin Turai

Abin da nake so mu duba yau kalma ce guda ɗaya tak, watau sunan da mutanen Arewacin Turai suke kiran zuciya da shi. Dalilin zaɓenta kuwa shi ne, masana ilmin harsuna sun lura cewa ba a cika aron sunayen sassan jiki daga wani harshe ba. Hausa ta ari littafi da alƙalami daga Larabci, amma ta riƙe zuciya da ido. Saboda haka irin waɗannan kalmomi su ne shaidun da ake dogara da su wajen gano asalin harshe.

Mutumin Suwidin yakan rubuta hjärta, na Denmak hjerte, haka ma yawancin mutanen Norwe. A Ayislan da tsibiran Faro kuwa hjarta ake rubutawa, kamar yadda kalmar take a bakin kakanninsu shekara dubu da suka wuce. Harafin j a nan sautin y gare shi. A Suwidin da Denmak da Norwe galibi ba a furta harafin h na farkon, ya saura a rubuce kawai, amma mutanen Ayislan har yanzu suna furta shi.

Idan muka jera waɗannan da heart ta Ingilishi da Herz ta Jamusanci, sai mu ga duk tushensu ɗaya. Wani bambancin shi ne, a arewa wasalin e ya rikiɗa ya zama ya. Haka ya faru ga sunan tauraro: Bajamushe ya ce Stern, mutumin Ayislan ya ce stjarna.

Zumuntar ba ta tsaya nan ba. Da Helenanci zuciya kardia ce, da Latin kuwa tushen kalmar cord ne. Inda waɗannan suke da sautin k, harsunan dangin Jamusanci suna da h; inda suke da d, su kuma t. Ba a kan wannan kalma kaɗai ba ne: kare da Latin canis ne, da harshen Suwidin hund. Wani masani ɗan Denmak, Rasmus Rask, ya bayyana wannan daidaito cikin littafin da aka buga a 1818, sa'an nan Jacob Grimm na Jamus ya tsara shi ya zama ƙa'ida a 1822.

To, sai mu juya ga Finlan, inda babban darasin yake. Wannan ƙasa ta yi wajen shekara 600 a ƙarƙashin mulkin Suwidin, har zuwa 1809, kuma harshenta ya ari kalmomi masu yawa, irin su koulu, makaranta, da katu, titi. Duk da haka zuciya a wurinsu sydän ce. Danginta su ne süda ta Istoniya da szív ta Hangari, domin harshen Finlan daga wani gida dabam ya fito.

Mu ma muna da misalin haka a gida. Bahaushe da Bafulatani sun daɗe tare, sun yi auratayya, amma wannan na cewa zuciya, wancan ɓernde. Maƙwabtaka dabam, zumunta dabam. Don haka ɗalibin da ke son sanin dangin wani harshe kada ya dogara da taswira ko da kalmomin kasuwa da ofis. Ya fara da tambayar yadda ake kiran zuciya, da ido, da ruwa.