Yadda Ake Shirya Bidiyo Kafin A Loda Shi A Manhajar Tacewa

Daga Gwarzo zuwa Getso, daga Kabo zuwa Garo, da wuya a yi biki ko walimar saukar Alƙur'ani yanzu ba a ga matasa riƙe da waya ko kyamara suna ɗauka ba. Matsala takan ɓullo ne a wajen tacewa: a loda bidiyon a CapCut ko Premiere Pro, sai manhajar ta riƙa sandarewa, ko a ga bakin mai jawabi na motsi daban, muryarsa na fita daban. Biki kuwa ba a maimaita shi. Galibin irin wannan matsala ana maganinta ne tun kafin a buɗe manhajar.

1. A kwafe komai, a ajiye wuri biyu

Bai kamata a tace kai tsaye daga katin memori ba. Kyamarorin Sony da Panasonic masu tsarin AVCHD suna ajiye bidiyo a cikin wata folda mai suna PRIVATE, tare da ƙananan fayiloli masu bayanin ɗaukar. Katin memori mai tsarin FAT32 kuma ba ya ɗaukar fayil guda da ya wuce 4GB, don haka kyamara kan yanka doguwar ɗauka gida-gida. Wanda ya tsinci wasu fayiloli ya bar wasu zai iya rasa mahaɗar. A kwafe foldar gaba ɗaya a wuri biyu, kuma kada a goge katin sai an miƙa aiki.

2. A guji turawa ta WhatsApp kai tsaye

WhatsApp yana matse bidiyo, ingancinsa ya ragu. Gara a yi amfani da kebul ko Xender. Idan dole ne, a tura shi a matsayin fayil, wanda tun 2022 yake ɗaukar har 2GB.

3. A daidaita yawan firem

Bidiyo jerin hotuna ne, wato firem, da ke wucewa da sauri. Kyamara kan riƙe adadi ɗaya, misali 25 a daƙiƙa, amma waya takan rage ko ta ƙara, musamman idan haske ya yi ƙaranci. Wannan ne ke sa murya ta saɓa da hoto. Manhajar HandBrake ta kwamfuta, wadda kyauta ce, tana gyara shi: a zaɓi adadin firem, sannan a danna Constant Framerate.

4. A sauƙaƙa wa na'ura

Tun 2017 iPhone ke ɗauka da tsarin H.265. Yana rage girman fayil, amma yana wahalar da tsohuwar kwamfuta da ƙaramar waya. Mayar da shi H.264 a HandBrake yakan kawo ƙarshen sandarewa. Mai iPhone zai iya zaɓar Most Compatible a saitin kyamara tun kafin ɗauka.

5. A raɗa wa fayiloli suna

Kyamarori biyu za su iya bai wa fayilolinsu lamba iri ɗaya, wani ya danne wani. A ware wa kowace na'ura foldarta, da kwanan wata da sunan taro, kamar ɗaurin aure ko kamu.

Kafin a sauya bidiyon awa biyu, a gwada da minti ɗaya tukuna. Idan murya da hoto sun tafi tare, sai a ci gaba da sauran.