Ciwon Tundurmi

Mu mutanen ƙasar Haɗeja Allah ya ba mu ruwa. Daga Auyo har Guri da Kirikasamma, in kogi ya cika da damina sai ya malala cikin fadamu, mu sami shinkafa da kifi. To, amma ruwan da ya kwanta nan sauro ke haihuwa, sauro kuwa shi ke kawo tundurmi.

Waɗansu sukan ce mai tundurmi sammu ya taka. Ba haka ba ne. Wata tsutsa ce siririya kamar zare. Sauro ya ciji mai ita, ya kwashi 'ya'yanta, ya kai wa mai lafiya. Tsutsar takan yi shekara 6 zuwa 8 a jikin mutum, tana ɓata hanyoyin da ruwan jiki ke bi. Ruwa ya rasa hanya, sai ƙafa ta kumbura. Ita ce kuma ke kawo wa maza gwaiwa.

Da fari kumburin yakan saɓe in an kwana, daga baya ya zauna, fata ta yi kauri. In mun ga haka, mu tafi asibiti. Dā sai da dare ake ɗibar jini, domin sa'an nan 'ya'yan tsutsar ke fitowa. Yanzu akwai gwajin da ake yi da rana, da ɗigon jini daga yatsa. Likita zai duba zuciya da ƙoda, gama su ma sukan kumbura ƙafa.

Ƙwayoyin Mectizan da albendazole, da akan sha sau ɗaya a shekara, suna kashe 'ya'yan tsutsar, cuta ta daina yaɗuwa. Da su da gidan sauro jihohin Filato da Nasarawa suka tsai da ita, aka ba da sanarwa a 2017. Ba a ba mai ciki.

Amma ƙwaya ba ta mai da ƙafar da ta riga ta kumbura. Wannan aikinmu ne a gida. Mu wanke ta da sabulu safe da yamma, mu tsane ta sarai, musamman tsakanin yatsu, domin ta nan ƙazanta ke shiga. Mu ɗaga ta bisa matashi in za mu kwanta, mu riƙa motsa ta, mu sa takalmi ko da za mu fadama. Kada a yarda wanzami ya yi mata tsaga ko ƙaho, rauni ke nan a kan rauni. Ran da ƙafa ta yi ja da zafi, ga kaluluwa da zazzaɓi, a sa mata tsumma mai sanyi, a kai mutum asibiti a ranar.