Yadda Ciwon Jini na Gado Ke Kai Ga Matse Laka

Daga cikin hikimomin da Ubangiji Ya kimsa a halittar ɗan Adam akwai cewa jini kullum cikin sabuntuwa yake, domin ma'abuta ilmin likitanci sun tabbatar jar ƙwayar jini takan yi kamar kwana 120 tana hidima kafin ta mutu, ɓargon da ke cikin ƙasusuwa kuwa shi aka ɗora wa nauyin samar da madadinta. To, amma wanda ya gaji amosanin jini, wato sikila, daga uwa da uba, ƙwayoyinsa da kyar suke wuce kwana 10 zuwa 20. Haka kuma lamarin yake, ko ma ya fi tsanani, ga masu talasimiya, cutar da likita Thomas Cooley ya bayyana a Amurka cikin 1925, wadda ta fi yawa a ƙasashen Bahar Rum da Gabas ta Tsakiya da Indiya, inda ƙwayoyin kan lalace tun suna cikin ɓargo.

Idan buƙata ta fi ƙarfin ɓargo, sai jiki ya koma ga tsohuwar al'adarsa ta zamanin da yake cikin mahaifa, ya sa hanta da saifa su shiga aikin yin jini, har wani lokaci tsokar da ke wannan aiki ta tsiro a gefen ƙashin baya, galibi daidai saitin ƙirji, ta kutsa cikin ramin da laka ke kwance. Wurin nan kuwa ƙunci gare shi, ƙashi ya kewaye shi ta kowace fuska, saboda haka duk abin da ya shigo, laka ce za ta sha matsi, kamar baƙon da aka saukar a ɗaki ya yi ta miƙe ƙafa har ya manne mai gida da bango. Abin al'ajabi, tsiron nan ba daji ba ne, ƙoƙarin jiki ne na taimakon kansa ya zama masa musiba.

Wannan ya fi aukuwa ga masu talasimiyar da ba a yi musu ƙarin jini a kai a kai. A ƙasarmu, inda kusan mutum ɗaya cikin huɗu ke ɗauke da irin sikila, sababin matsewar laka ya fi zuwa ta wata hanya: ko dai jini ya toshe a gaɓoɓin ƙashin baya har su raunana su lotsa, ko kuwa ƙwayoyin cuta su kama ƙashin, mugunya ta taru ta danne laka.

Babbar illa, a ganina, ita ce sabo. Mai sikila ya saba da ciwon baya tun yana ƙarami, iyayensa ma sun saba, don haka idan ya ce ƙafafunsa sun yi nauyi, ko suna masa minjirya, ko takalmi ya zame bai ji ba, sai a ce ai sanyi ne ya motsa, a kawo man zafi, wasu ma su tafi neman maganin sammu, alhali kuwa waɗannan alamu, musamman idan fitsari ya riƙe ko bayan gida ya kufce, shaida ce cewa laka ta shiga haɗari, sa'o'i kaɗan na iya raba tafiya da shanyewa.

Hoton na'urar MRI ke nuna haƙiƙanin wurin da kuma sababin. Idan tsiron mai yin jini ne, ƙarin jini kan rage wa jiki buƙata har tsiron ya saɓe, akan haɗa da maganin haidiroksiyuriya, ko a haska shi da ɗan kaɗan daga hasken da ake ƙona daji da shi, domin ba ya jure masa. Idan kuwa mugunya ce, ko shanyewar na gaggawa, sai likitan tiyata ya buɗe ƙashin ta baya ya sassauta wa laka, gwargwadon saurin da aka yi kuwa gwargwadon ƙarfin da kan dawo wa ƙafafun.