Kuɗin binciken shari'a a intanet: lauya ne zai ɗauka ko wanda ya ɗauke shi aiki?

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki wurin tela ya san abin da ake biya da abin da ba a biya. Za ka biya kuɗin aiki, idan kuma tela ya sayo maka shafi ko maɓallai na musamman za ka mayar masa da kuɗinsa. Amma babu telan da zai ce ka biya hayar shago ko kuɗin keken ɗinki daban, domin waɗannan sun riga sun shiga cikin kuɗin aikin. Kusan a kan irin wannan tambaya ce ofisoshin lauyoyi a Amurka suka shafe shekaru suna ja-in-ja da masu ɗaukar su aiki: kuɗin da lauya ya kashe wajen binciken hukunce-hukunce a intanet, maɓalli ne da aka sayo domin rigar mutum ɗaya, ko kuwa keken ɗinki ne?

A tsarin shari'ar da Amurka da Najeriya suka gada daga Ingila, hukuncin da babbar kotu ta yanke a baya hujja ne da ƙananan kotuna ke bi. Saboda haka rabin aikin lauya nema ne: wace kotu ce ta taɓa duba irin wannan batu, me ta ce, kuma shin wata kotu ta sama ba ta rushe hukuncin ba daga baya? A da, ana yin wannan nema ne a ɗakin karatu na ofis, cikin ɗaruruwan kundaye masu kauri. Ofis ne ke sayen littattafan, kuma babu wanda ya taɓa tunanin a raba kuɗinsu a kan masu shari'a, kamar yadda ba a raba musu kuɗin wutar lantarki.

Kwamfuta ce ta sauya lissafin. A 1973 aka ƙaddamar da Lexis, a 1975 kuma kamfanin West, wanda ya daɗe yana buga kundayen hukunce-hukunce a jihar Minnesota, ya fito da Westlaw. A farkon zamaninsu ana biya ne gwargwadon mintocin da mutum ya yi a kan na'ura ko yawan binciken da ya gudanar. Tun da kowane bincike yana da farashinsa, kuma lauya na iya rubuta lambar shari'ar da yake yi wa aiki kafin ya fara, sai ya zama da sauƙi a ce wane ne ya jawo wannan kuɗi, shi zai biya. Haka kuɗin bincike ya bar sahun kuɗin gudanar da ofis ya koma sahun kuɗin mota da na aika takardu.

Inda gizo ke saƙar shi ne lokacin da manyan ofisoshi suka daina biya ɗai-ɗai, suka koma yarjejeniyar biyan kuɗi tsayayye a kowane wata, ko an yi bincike da yawa ko kaɗan. Ɗan kasuwa zai gane wannan nan take: ofis ya koma saye a farashin sari. Sai dai kamfanonin binciken sun ci gaba da nuna farashin ɗai-ɗai na kowane bincike a rahoton da suke aikowa. A ɗauka, a matsayin misali kawai, ofis yana biyan Dala 50,000 a wata, amma idan aka tara binciken da lauyoyinsa suka yi a farashin ɗai-ɗai zai kai Dala 200,000. Mutumin da aka yi masa binciken da ya kai Dala 2,000 a farashin ɗai-ɗai, ainihin kasonsa a cikin abin da ofis ya biya Dala 500 ne. Idan aka rubuta masa 2,000, ofis ya ci ribar 1,500 a kan abin da aka gabatar masa a matsayin mayar da kuɗin da aka kashe. Kuma mafi yawan masu biya ba su da hanyar ganewa, domin ba su taɓa ganin yarjejeniyar da ke tsakanin ofis da kamfanin ba.

Ƙungiyar Lauyoyin Amurka ta taɓo wannan batu a wani ra'ayi na hukuma mai lamba 93-379 da ta fitar a watan Disamba na 1993, wanda har yau shi ake komawa gare shi. Abin da ya ƙunsa a taƙaice shi ne: lauya ba zai caji mutum kuɗin gudanar da ofis ba, irin su haya, inshora da kula da ɗakin karatu, sai idan an sanar da shi tun farko. Zai iya karɓar kuɗin ayyuka kamar kwafin takardu da binciken kwamfuta, amma ko dai ainihin abin da ya kashe, ko wani adadi mai ma'ana da mutumin ya amince da shi tun kafin a fara aiki. Idan kuma wani kamfani ya yi wa lauya rangwame, rangwamen na wanda ya ɗauke shi aiki ne. Tunanin da ke ƙarƙashin wannan shi ne cewa hajar lauya ita ce iliminsa da shawararsa, a nan ya kamata ya nemi riba, ba a kan takardar kwafi ba.

Faɗar ƙa'idar ya fi aiwatar da ita sauƙi. Idan kuɗin wata tsayayye ne, mene ne "ainihin abin da aka kashe" a kan mutum ɗaya? Hanyar da ofisoshi da yawa ke bi ita ce ta misalin da ya gabata, wato a raba kuɗin wata gwargwadon amfanin da kowa ya yi. Amma wannan ma yana da nasa aibi. A watan da aiki ya yi ƙaranci, kason kowane mutum zai ƙaru, alhali binciken da aka yi masa bai ƙaru ba. Sannan akwai binciken da lauyoyi ke yi domin koyo, ko rubuta maƙala, ko aikin taimako na kyauta; idan ba a ware kasonsa ofis ya ɗauka ba, masu biya ne za su ɗauke shi ba da saninsu ba.

Su kansu kotunan Amurka ba su yi magana da murya ɗaya ba. A can, bisa al'ada kowa shi ke biyan lauyansa, sai a wasu shari'o'i da doka ta ce wanda ya faɗi ya biya lauyan wanda ya yi nasara. A irin waɗannan ne alƙalai suka riƙa fuskantar tambayar. Kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta shiyya ta 8 ta daɗe a kan cewa kuɗin binciken kwamfuta yana cikin kuɗin awa na lauya, ba a ƙara shi daban, kafin ta sassauta a 2016. Ta shiyya ta 2, mai zama a birnin New York, ta ce a shari'ar Arbor Hill a 2004 idan ofis ya saba cajin masu ɗaukar sa aiki wannan kuɗi, to a sanya shi cikin abin da za a biya.

Hujjar lauyoyi ba ta banza ba ce. Suna cewa binciken da zai ci yini guda a cikin littattafai ana gama shi cikin awa ɗaya a kwamfuta, kuma tun da ana biyan su da awa ne, wanda ya ɗauke su shi ya ci moriyar saurin. Masu biya kuma suna cewa ofis ya rufe ɗakin karatu, ya daina sayen kundaye, ya rage hayar fili, to me ya sa abin da ya maye gurbin littafi zai hau kansu? A ganina hujja ta biyu ta fi nauyi a yau, domin binciken intanet ya daina zama wani abu na musamman da ake yi wa shari'a mai wuya. Babu lauyan da zai iya aiki ba tare da shi ba.

Kasuwa ma nan ta karkata. Bayan durƙushewar tattalin arziki na 2008, manyan kamfanoni suka fara rubutawa ƙarara a cikin sharuɗɗan da suke bai wa lauyoyinsu cewa ba za su biya kuɗin binciken intanet ba. A 2009 Google Scholar ya fara samar da hukunce-hukuncen kotunan Amurka kyauta, ƙungiyoyin lauyoyi na jihohi da dama kuma suka riƙa bai wa mambobinsu damar amfani da Fastcase a cikin kuɗin zama mamba. Wasu ofisoshi suka haƙura suka mayar da kuɗin cikin na gudanarwa, ko da yake mai hankali ya san cewa abin da aka cire daga wannan layi yana iya dawowa ta ƙarin kuɗin awa. Tambayar ta sake tasowa da zuwan manhajojin ƙirƙirarriyar basira, har Ƙungiyar Lauyoyin Amurka ta fitar da ra'ayi mai lamba 512 a watan Yulin 2024, inda ta ɗora batun caji a kan tsohuwar ƙa'idar nan ta 1993.

A Najeriya lamarin bai kai wannan zafi ba, domin lauyoyi da yawa suna yanke kuɗin aiki ne a dunƙule, ba da awa ba. Amma sauyin da ya haifar da rigimar ya iso: lauyan da a da yake dogara da kundayen mako-mako da marigayi Gani Fawehinmi ya fara bugawa a 1985, yau yana biyan kuɗin manhajoji irin su LawPavilion. Ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ya ga an rubuta masa "kuɗin bincike" daban yana da haƙƙin ya tambayi yadda aka kai ga adadin, kuma ya fi kyau a rubuta tun ranar farko abin da ke cikin kuɗin aiki da abin da za a biya a gefe. Sashe na 16 na Dokar Lauyoyi ya hana lauya kai ƙara domin karɓar kuɗinsa sai ya miƙa takardar caji mai ɗauke da sa hannunsa da bayanin manyan abubuwan da ke cikinta, kuma wata guda ya wuce. Sashe na 17 kuma ya bai wa wanda aka miƙa wa takardar damar neman kotu, a cikin wannan wata, ta sa jami'inta ya tantance cajin.