Dalilin da ya sa manyan tayoyi ke kashe ƙarfin mota, da lissafin da ake yi kafin a canza giyar aksil

Masu kallon bidiyon motoci a YouTube da TikTok sun saba ganin manyan a-kori-kura na Amurka, irin su Ford F-250 da Ram 2500, an ɗaga su sama an ɗora musu tayoyi masu tsayin inci 37. A ido abin yana da kyau. Abin da bidiyon ba ya nunawa shi ne yadda motar ke komawa bayan an fito da ita daga gareji: ta yi nauyin tashi, giya ta riƙa hawa da sauka da kanta a kan titi, ga shan mai. Injin kuwa lafiyarsa ƙalau. Matsalar tana cikin aksil.

A tsakiyar ƙafafun baya akwai wani kumburarren gida na ƙarfe. A cikinsa akwai giya biyu: ƙaramin da farfela ke juyawa, wanda ake kira finiyon, da babban faifai mai haƙora wanda ke juya tayoyi. Idan faifan yana da haƙori 41, finiyon yana da 11, to 41 a raba da 11 ya ba da 3.73. Wato sai farfela ta juya sau 3.73 kafin taya ta zagaya sau ɗaya. Haƙori 41 da 10 suna ba da 4.10, 41 da 9 kuma 4.56. Babbar lamba na nufin ƙarin ƙarfin ja, amma injin zai fi juyawa a kowane irin gudu. Duk wanda ya taɓa hawa tudu da keke mai giya ya san wannan a cinyarsa.

Kamfani yana zaɓar wannan lamba ne bisa girman tayar da ya ɗora. F-250 mai taya 245/75R17, tsayin tayarta kusan inci 31.5 ne. Idan aka sa mata inci 37, kowace zagayowar taya ta ƙaru da kusan kashi 17 cikin 100. Ƙarfin da ke isa ƙasa kuma ya ragu, domin 3.73 ɗin nan yanzu aikin 3.18 yake yi. 

Lissafin gyaran bai fi ƙarfin kalkuletar waya ba: tsohuwar lamba sau tsayin sabuwar taya, a raba da tsayin tsohuwar. A nan 3.73 sau 37, a raba da 31.5, ya ba da 4.38. Babu giya mai wannan lambar a kasuwa da aka yi wa aksil ɗin wannan motar, don haka zaɓi ya rage tsakanin 4.30 da 4.56.

A nan ne ake yawan gardama, kuma juyin inji ne ke raba ta. Giyabos mai giya shida da Ford ya fara sa wa waɗannan motoci a samfurin 2011, giyarsa ta ƙarshe 0.67 ce. A gudun kilomita 100 cikin awa, da tayar asali da 3.73, injin yana juyawa kusan sau 1,660 a minti. Da taya 37 ba tare da an taɓa aksil ba, ya faɗo zuwa 1,410. Wannan ya yi ƙasa ga motar da ke ɗauke da kaya, shi ya sa take yawan sauke giya da ta ga ɗan tudu, yawan canjin nan kuma yana ɗumama man giyabos. Da 4.30 juyin zai koma wajen 1,630, da 4.56 kuma 1,725. A takarda 4.30 ya fi kusa da asali. Sai dai lissafin bai san cewa babbar taya ta fi nauyi ba, kuma motar da aka ɗaga ta fi karo da iska. Saboda haka ga mai jan tirela ko injin fetur, 4.56 ya fi dacewa. Mai injin dizal da ke yawan doguwar hanya babu kaya zai iya zama a 4.30. (Kafin a yi lissafin ma gara a auna tayar da tef, domin yawancin tayoyin da aka rubuta 37 ba sa cika 37 ɗin idan mota ta zauna a kansu.)

Aikin kansa ba na gwaji ba ne. Idan motar mai jan ƙafa huɗu ce, dole a canza gaba da baya zuwa lamba ɗaya, in ba haka ba ranar da aka sa ta a ƙafa huɗu, aksil biyun za su yi ta ja-in-ja har wani abu ya karye. Kuɗi ya ninka ke nan. Sannan ratar da ke tsakanin haƙoran finiyon da na faifai ba ta kai rabin milimita ba, da agogon awo ake saita ta, a shafa wa haƙoran fenti a duba inda suke haɗuwa. In aka kuskure, aksil zai fara kuka, haƙora su cinye. Bayan an gama, masu ƙera giyar kan ce a yi tafiyar mil 500, kimanin kilomita 800, ba tare da jan kaya ba, sannan a zubar da man aksil a sa sabo.

Akwai abubuwa biyu da sabuwar giya ba ta gyarawa. Na farko birki: babbar taya ta fi wuyar tsayarwa, kuma ko wace lamba aka sa a aksil, haka za ta kasance. Na biyu agogon gudu. Da taya 37, idan allo ya nuna 100, motar tana kan 117 ne. A motocin da ke karanta gudu daga bayan giyabos, canza giyar aksil yana dawo da lissafin kusa da daidai. Amma sababbin motoci da yawa daga na'urar ABS da ke jikin ƙafa suke karantawa, ita kuwa zagayen taya kawai take ƙirgawa, ba ruwanta da abin da ke cikin aksil. Waɗannan sai an jona kwamfuta ta kafar OBD an shigar da sabon girman tayar. Hanya mafi arha ta gane inda aka kwana ita ce manhajar auna gudu ta GPS a waya: fasinja ya riƙe wayar a miƙaƙƙen titi, direba ya tsayar da allura a kan 80, a kwatanta lambobin biyu.