Tsatsar Salansa da Notin da Ya Cije: Asarar da Masu Babur ke Tafkawa a Kudancin Kano

Daga Kwanar Ɗangora zuwa Tudun Wada, daga nan a ratsa dajin Falgore a gangara Doguwa, babu abin hawan da ya kai babur yawa, babu kuma wanda ya kai shi shan wahala. Shi ke kai buhun taki gona, ya ɗauko shinkafa zuwa kasuwar Tudun Wada, ya kwaso kifi daga bakin dam ɗin Tiga, ya kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare daga ƙauyen da mota ba ta shiga. Tun da gwamnatin Kano ta hana acaɓa a cikin birni a watan Janairun 2013, sana'ar ta ƙara komawa ƙananan hukumomin karkara, inda kwalta ke ƙarewa a bakin gari. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, sabon babur da kayan gyaransa sun yi tsadar da dole mai tsoho ya lallaɓa abinsa.

Amma ka duba ƙasan baburan nan a ƙarshen damina. Tanki na sheƙi, an manna masa hotuna, kujera ta sha sabuwar riga, salansa kuwa ta yi ja wur, wata ta huje an ɗaure ta da waya. Mai babur yana kula da abin da ido ke gani, ya bar wurin da kuɗinsa ke zubewa.

Tsatsa ba ta samuwa sai abu uku sun haɗu: ƙarfe, iska da danshi. Zafi yana hanzarta ta, gishiri da duk wani abu mai tsami su ƙara mata ƙarfi. Salansa ta tara waɗannan duka. A Turai da Amurka gishirin da ake watsawa kan titi don narkar da ƙanƙara shi ke cinye ƙasan ababen hawa. Mu ba mu da ƙanƙara, amma muna da taɓo da takin zamani. Kudancin Kano ya fi arewacin jihar samun ruwan sama, musamman wajen duwatsun Riruwai, damina na riga sauka kuma tana jimawa. Taɓon da ya manne a wuyan salansa yakan riƙe danshi kwana da kwanaki bayan an ɗauke ruwa. Takin zamani kuwa, wanda ake ɗaure buhunsa a bayan babur yana zuba kaɗan-kaɗan, yana janyo danshi daga iska, sinadarin fotash da ke cikinsa kuma ɗan'uwan gishiri ne wajen cin ƙarfe. Haka fitsarin dabbobi da kashinsu, ga wanda ke ajiye babur kusa da turke.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne salansa ta fi ruɓewa daga ciki. Idan inji ya ƙona lita ɗaya ta fetur, yakan fitar da ruwa kusan lita ɗaya a matsayin tururi. Idan salansa ta yi zafi sosai tururin ya fice abinsa. Idan tafiyar gajera ce, daga gida zuwa masallaci ko teburin mai shayi, ƙarfen bai gama ɗaukar zafi ba aka kashe, sai tururin ya koma ruwa ya kwanta a cikinta. Ruwan nan ba tsarkakakke ba ne, domin ya gauraya da farar wutar da ke cikin mai, ya zama mai tsami. A shekarar 2016 ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta fallasa yadda 'yan kasuwa ke sayar wa ƙasashen Afirka ta Yamma mai ɗauke da farar wuta ninkin-ba-ninkin abin da Turai ta yarda da shi, ita da ta ƙayyade kashi 10 cikin miliyan tun 2009. Shekaru baburanmu suka yi suna shan irin wannan mai.

Tsofaffin bakanikai za su tuna cewa Suzuki da Yamaha na da, masu haɗa fetur da baƙin mai, salansarsu toshewa take yi da baƙin maiƙo amma ba ta cika hujewa ba, don maiƙon ya lulluɓe cikinta. Boxer da Haojue na yanzu hayaƙinsu busasshe ne, babu abin da ke kare ƙarfen. Shi ya sa masu ƙera salansa da yawa ke barin ɗan ƙaramin rami a ƙasanta don ruwa ya tsiyaye. Taɓo kan toshe shi, wani lokacin ma mai babur ne ke kai wa mai walda ya liƙe, a zatonsa huji ne. Wanda ya liƙe ramin nan ya ɗaure wa salansarsa ruwa a ciki.

Kariyar ba ta da tsada, sai dai tana son naci. A wanke taɓo a ranar da ya manne, bayan salansa ta huce, domin watsa ruwan sanyi kan ƙarfe mai zafi yana tsattsaga fenti da farin rufin da aka yi mata, kuma ta waɗannan tsagogi tsatsa ke shiga. A toshe bakinta da leda lokacin wanki, a cire bayan an gama, sannan a hau babur a yi tafiyar minti goma ko sha biyar ya bushe ciki da waje. Wanke babur da magariba a tura shi zaure a jiƙe ya fi barinsa da ƙura illa. Haka al'adar nan ta barin ledar kamfani a jikin sabon babur wata da watanni don kada ya tsufa: ruwa na shiga ƙarƙashinta ya rasa hanyar fita. Idan tsatsa ta fara, a kankare ta da buroshin ƙarfe da samfefa har farin ƙarfe ya bayyana, a goge maiƙo, a fesa fentin da aka yi don jure zafi. Fentin ƙofa ko na tanki ƙonewa zai yi a tafiyar farko. Shafa baƙin mai yana da amfani ga babur da za a ajiye na tsawon lokaci, amma a wuyan salansa mai aiki hayaƙi kawai zai zama.

Salansa dai ko ta lalace ana iya sayen wata. Babbar asarar tana wurin notuna biyun da suka riƙe ta a kan inji.

Waɗannan notuna, masu cin sifana goma ko sha biyu, suna zaune a wuri mafi muni a jikin babur. Suna fuskantar tayar gaba, duk ruwa da taɓon da ta watso a kansu yake sauka, kuma kullum suna tsakanin zafi mai tsanani da sanyi. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma sau da yawa, don haka idan ta tsiro a cikin zare sai ta cika duk wani sarari ta matse. Ga kuma wata matsala: ƙusar da notin ke hawa kanta ta ƙarfe ce, kan injin da aka ɗaura ta a ciki na alminiyom ne. Idan ƙarafa biyu mabambanta suka haɗu da danshi a tsakaninsu, ɗaya yakan ci ɗaya, a nan alminiyom ne ke ciwuwa, ya zama wani farin gari da ke liƙe su kamar siminti.

Sai ranar da za a sauke salansa. Maigidan gareji ya tafi sayo kaya, ya bar yaro da sifana. Yaro ya ja, noti bai motsa ba. Ya zura bututu a hannun sifanar ya hau da ƙarfinsa, sai ka ji ƙas. “Alhaji, sai haƙuri, notin ya cije, ƙusar ta guntule a ciki.” Aikin minti ashirin ya koma na kwana biyu. In an yi sa'a mai walda na kusa zai fitar da guntun. In ba a yi ba, a sauke kan inji a nufi Kano wurin masu injin huda ƙarfe, ko a sayi wani. Ga mutumin Doguwa wannan kuɗin mota ne, da wuni guda a hanya, da kwanakin da babur bai nemo ko sisi ba. Ban ɗora wa yaron laifi ba. Abin da ya ga ana yi ya yi, kuma mai babur na tsaye a kansa yana cewa a yi sauri fasinja na jira. Sauri kuwa ya haifi nawa.

Notin da ya cije lallashi yake so. A fara kankare tsatsar da ke kan zaren da ya leƙo waje, don ko noti ya motsa a kanta zai sake maƙalewa. A zuba man da ke ratsa tsatsa a ba shi lokaci, in da hali ya kwana. Wanda aka fi sani a shaguna shi ne WD-40, da aka haɗa a birnin San Diyego na Amurka a 1953 don kare jikin makamai masu linzami daga tsatsa. Inda babu shi, kananzir da aka gauraya da ɗan baƙin mai yana aiki, sai dai ya fi jinkiri. Man birki da wasu ke zubawa yana cin fenti duk inda ya ɗiga. Bayan mai ya shiga, a ɗan bubbuga kan notin da ƙaramar guduma don tsatsar ciki ta farfashe. A sa soket ko sifana mai zobe wadda ta zauna daidai, domin mai buɗaɗɗen baki da filaya su ke cinye kusurwoyin noti ya koma mulmulalle. Sannan a ɗan ƙara ɗaure shi kaɗan kafin a kwance, a riƙa kai shi ana dawo da shi, ana ƙara mai. Idan aka ji sifana ta fara tafiya da laushi alhali noti bai saki ba, a tsaya nan take: ƙusar ce ke murɗewa, saura ƙiris ta karye.

In duk wannan bai yi ba sai wuta. Zafi yana buɗa noti ya fasa tsatsa, kuma alminiyom ya fi ƙarfe buɗewa kusan ninki biyu, don haka ɗumama kewayen ƙusa yana sassauta ta. Amma a nan ake son gwani. Alminiyom yana narkewa a digiri 660, kuma ba ya yin ja ya gargaɗe ka kamar ƙarfe, sai dai ka ga ya zube. Tankin fetur kuma yana saman wurin da tazarar da ba ta kai kamu biyu ba. A sauke tanki a kai shi nesa, a goge duk man da aka zuba, kafin a kunna wuta. Idan ƙusa ta riga ta karye, dabarar da ta fi ita ce a ɗora sabon noti a kan guntun a yi masa walda ta ciki. Zafin waldar kansa yana taimakawa, ga kuma wurin kamawa an samu. A cire wayar batir tukuna. Huda guntun da injin hannu shi ne zaɓi na ƙarshe, saboda in bakin ya kauce kaɗan zai bar ƙarfe mai tauri ya faɗa cikin alminiyom mai laushi, zare ya lalace.

A ganina noti ya fi araha a kan komai, don haka idan ya ƙi, gara a tsaga shi a ceci ƙusar da a ceci noti a rasa kan inji. Wajen mayarwa kuma a sa sabo, a canza zoben da ke toshe bakin salansa, a shafa wa zaren giris mai garin jan ƙarfe wanda ke jure zafi. Giris na yau da kullum ya isa ga notin bayan salansa da na murfinta, amma a kan inji ƙonewa yake yi. Kada a ɗaure da mugunta. Ƙusa mai kaurin milimita 6 ba ta bukatar ƙarfin ƙato.

Akwai wani ɓangare da ya fi kuɗi muhimmanci. Murfin da ke kan salansa, wanda ke raba ta da ƙafar fasinja, ƙananan notuna ne ke riƙe da shi, su ne kuma farkon waɗanda tsatsa ke cinyewa. Murfi ya fara kaɗawa, ƙara ta dami mai babur, ya fizge shi ya jefar. Mata da ƙananan yara ne ke biyan wannan da tabon ƙuna a ƙwauri, kuma a ƙauyukanmu irin wannan ciwo yakan daɗe bai warke ba. Salansar da ta huje a wuya kuma tana hura hayaƙi mai guba kusa da mahayi, balle a tayar da babur a bar shi yana aiki cikin rufaffen zaure.

Masana tsatsa na ƙungiyar NACE sun ƙiyasta a 2016 cewa duniya na asarar dala tiriliyan 2.5 duk shekara ta wannan hanya. Kasonmu a ciki ba a rubuta shi a ko'ina, yana fita ne daga aljihun ɗan acaɓa da manomi, dubu biyar yau, dubu ashirin gobe.

Kirana ga shugabannin bakanikan babur na Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa shi ne su sa kwance notin da ya cije cikin abin da ake koya wa yaro kafin a yaye shi, kuma kowane gareji ya ajiye man tsatsa da giris mai jure zafi. Kai kuma mai babur, kafin ruwan farko ya sauka, ka kai shi a kwance notunan salansa tun suna kwantuwa, a shafa musu giris a mayar, a buɗe ramin tsiyayar ruwa, a ɗaure murfi. Ka sake yin haka bayan kaka. Idan bakanike ya ce a bar noti ya kwana da mai, ka bar masa babur ɗin ya kwana.